Madubi Ɗaya, Ɗauka Ɗaya

Tun da aka fito da kyamarar daga akwatinta da safe, gaban Baba Mai Saiti ya faɗi. Ba girmanta ne ya tsorata shi ba, don ba ta ma kai tsofaffin da ya saba da su ba. Baƙa ce, gajeruwa, kamar batirin mota. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne maganar matar da ta zo da ita, wadda kowa ke kira Injiniya, domin kamfanin da ya ba da hayar kyamarar bai yarda wani hannu ya kunna ta ba sai nata.

"Wannan da kuke gani ba ta san rufin asiri ba," in ji Injiniya, tana goge gilashin gaba da ɗan ƙyalle. "Ku ƙyasta ashana ɗaya a ɗaki mai duhu, za ta nuna muku launin bango. In mai kwalliya ta yi ha'inci a gefen hanci, za ta kai ƙararta. Ƙarfe biyar kuma motar kamfani za ta zo ɗaukarta, ko kun gama ko ba ku gama ba."

Shekara talatin da ɗoriya Baba ya yi yana aiki guda a harkar fim, shi ne mai fokas. Yakan tsaya a gefen kyamara, hannunsa a kan wani ɗan mariƙi mai farin faifai, yana murza shi gaba ko baya, yadda duk inda ɗan wasa ya matsa fuskarsa za ta fito tar, ba hazo. Aiki ne da ba a ganinsa sai ranar da ya ɓaci. Yau shekara biyu ke nan da yanar ido ta fara rufe masa idon dama, na hagun ma ya soma bin sahu. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa. Tsofaffin kyamarori suna da kara, in ka kuskure da taki guda sai su kau da kai. Da wannan karar, da sabon da hannunsa ya yi da aikin, ya ci shekara biyu. Ya san ran da zancen ya fita ba mai sake kiransa aiki, don a harkar nan labari ya fi wutar daji gudu.

Wani abin da ya ƙara wa miyar gishiri, Darakta mijin 'yarsa ne. Mutum ne mai faɗa da tsawa a wurin aiki, amma in ya zo gaban Baba sai ya zama kamar kazar da ruwa ya doka, ido a ƙasa, murya a ƙasa.

A wani ɗaki na hawa na biyu ake aikin. Gado ɗaya, taga ɗaya, wayoyi a ƙasa kamar saiwar itace, sai wata tsohuwar durowar kaya mai ƙaton madubi da aka sassaƙa wa fure a gefuna. Madubin nan ya fito a kusan kowane sashe na fim ɗin, kuma a kansa labarin zai ƙare: Jaruma za ta tsaya ta dubi kanta, ta jefe shi da kwalbar turare, ta juyo. An zaga kasuwa an rasa irinsa. Ɗauka ɗaya ce, in ta ɓaci ta ɓaci. Domin wannan ɗaukar aka yi hayar kyamarar.

Amma kafin nan akwai ƙaramin aiki. Jaruma za ta shigo daga ƙofa ta tako zuwa gaban durowa, taku shida. Darakta yana zaune a baranda gaban babban allon da ke nuna abin da kyamara ke gani.

"Yanke!" in ji Darakta, idonsa a kan allon. "Mu sake. An ji ƙarar babur."

Mai Sauti, wani dogo mai saurin baki, ya ɗaga abin saurare daga kunne ɗaya. "Babur? Ni ban ji ba."

"Ni na ji. Mu sake."

A ɗauka ta uku tsuntsu ne ya yi kuka. A ta biyar famfo ne ke ɗiga a ƙasa. Baba yana tsaye, hannunsa a kan mariƙi, gumi na bin bayansa. Fuskar Jaruma a wurinsa kamar wata ne a bayan gajimare, yana bin ta da ƙiyasi. Ya lura ba wanda ke kallon wajen da yake. Mai kwalliya in za ta wuce sai ta zagaye shi kamar rijiya.

A ta tara Darakta ya ce an ji ƙugin ciki.

Mai Sauti ya ajiye sandarsa. "Darakta, don girman Allah! Babur, tsuntsu, famfo, yanzu kuma cikin baiwar Allah? Ni ke da kunne a wurin nan. In sautin nan yana da aibi a yanke min kunnuwan a soya. Ka fito ka faɗi gaskiya mana, hoton ne ke..."

"Kai! Rufe mana baki!"

Ɗakin ya yi tsit, har ana jin 'yar fankar da ke cikin kyamara tana huci. Jaruma ta sunkuyar da kai tana gyara awarwaronta. Baba ya zaro hankici ya goge hannu a hankali, yatsa bayan yatsa. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi, amma shi bai shirya tuɓewa ba.

Aka tafi hutun cin abinci. Da aka dawo, Darakta ya zo ya rage tsawo a gabansa, riƙe da wata 'yar na'ura kamar kwalin sabulu.

"Baba, dama kamfanin ne suka roƙa a gwada musu wannan. Wai tana harba wani haske da ido ba ya gani, ta auna nisan mutum, ta murza fokas da kanta. Ba don komai ba, gwaji ne kawai. Ka ɗan huta."

"A gwada mana," in ji Baba. "Ai ba a ƙin sabon abu."

Injiniya ta ɗaura ta a saman kyamara. Jaruma ta shigo, ta yi takunta shida. Mariƙin ya juya shi kaɗai, ba hannun kowa, kamar aljani ke murza shi.

"Yanke! Ya yi!" Muryar Darakta ta fito da murna kafin ya tuna ya danne ta.

Ɗauka ɗaya. Babu babur, babu tsuntsu. Baba ya koma kan akwatin kyamarar ya zauna, ya ɗora hannuwansa a gwiwa, ya rasa inda zai kai su.

Ƙarfe uku da rabi aka fara shirin madubi. Injiniya ta yi bayani tana danne-danne. Kyamara ta saba ɗaukar hoto ashirin da biyar a daƙiƙa, yanzu za ta ɗauki ɗari biyu. In aka kalla, komai zai yi tafiyar hawainiya, daƙiƙa uku za su zama ashirin da huɗu, a ga kowane ɓallin gilashi yana juyi a iska.

"Amma gudun nan yana shan haske kamar raƙumi a bakin rijiya," in ji ta. "Dole in buɗe idonta har ƙarshe. In na buɗe kuwa, wurin da hoto ke fita tar bai wuce faɗin yatsa biyu ba. In ka kama ido, kunne ya tafi."

Aka kafa kyamara a bayan kafaɗar Jaruma tana fuskantar madubi. Aka yi gwaji. Daga baranda Darakta ya ɗaga murya.

"Injiniya, me nake gani haka? Ƙurar da ke kan madubi ta fito tar, fuskarta kuma kamar an shafa mata koko!"

Ta kashe na'urar ta kunna. Ta matsar da ita hagu, ta matsar dama. Ta kira wani a waya, ta yi magana da sauri, ta kashe. Ƙarfe huɗu saura kwata. Hasken taga ya fara ja da baya daga kan gado.

Baba bai yi niyyar magana ba, bakinsa ne ya riga shi. "Gilashin take aunawa. Ita a wurinta bango ne. Fuskar da ke cikin madubi kuwa ba a kan gilashi take ba, tana can ciki. Sai ki auna daga kyamara zuwa madubi, ki ƙara daga madubi zuwa mai fuskar."

Injiniya ta dube shi, ta dubi na'urarta, ta ciji leɓe. "Gaskiya ne. To ko na kashe ta, wuri uku ake so a daƙiƙa uku: fuskar cikin madubi, gilashi lokacin da ya fashe, sannan fuskarta ta gaske in ta juyo. Ni inji na sani. Hannuna bai taɓa wannan gudun ba, kuma ba zan koya a kan madubi ɗaya ba."

Darakta ya shigo. Wannan karon durƙusawa ya yi sosai, gwiwa a ƙasa cikin wayoyi.

"Baba."

Baba ya dubi inuwar da ke gabansa. Ya san abin da yaron nan ya zuba a fim ɗin, ya san 'yarsa ta yi wata huɗu ba ta ga mijinta a gida da rana ba. In ya ce a'a, sai an tambaye shi dalili. In ya ce to ya kuskure, madubi ya tafi, ƙarshen fim ya tafi, kuma kowa zai ga kuskuren a hankali, daƙiƙa ashirin da huɗu, ba wurin ɓuya. Maganar ta zo masa har maƙogwaro: ɗana, ba na gani. Ya haɗiye ta.

"A kawo tef ɗin awo," ya ce. "Da ashana, da salatif."

Ya kama bakin tef ya dafa a jikin kyamara, ya miƙa wa Mai Sauti ɗaya bakin. "Kai mai baki, ja zuwa madubi. Karanta da ƙarfi kowa ya ji, kar a ce tsoho ya yi cuwa-cuwa."

"Ƙafa tara cif, Baba."

"Daga madubi zuwa idonta."

"Huɗu."

"Sha uku ke nan. Daga kyamara zuwa inda za ta juyo?"

"Biyar, har da ɗan inci ɗaya na gyara."

Ya koma ga mariƙin. Lambobin da ke jikin gilashin kyamara sun daɗe da zame masa tururuwa. "Injiniya, ki dubi allonki. Zan murza, in ya fito tar ki ce min tsaya."

Ta dubi allon, ta dube shi. Allon yana nan dab da hancinsa, ɗan ƙarami, a jikin kyamara. Ya ji idonta a kansa kamar zafin fitila. Sannan ta matso ta tsaya tsakaninsa da sauran mutane, ta rage murya.

"Murza. Ƙara. Kaɗan. Tsaya."

A nan ya manna tsinken ashana a bakin faifan. Suka yi na gilashi, suka yi na juyowa. Tsinke uku, kowanne ya ɗan fito yadda babban yatsa zai ji shi. Ya murza daga na farko zuwa na biyu zuwa na uku, ya koma, ya sake, har sau goma, yana koya wa hannunsa hanya.

Saura sanin lokaci. In ya jira ƙarar fashewa kafin ya motsa, ya makara, don abin da kunne ya ji ya riga ya faru. Ya juya wajen Mai Sauti. "Akwai ƙaramin makirufo a wuyan rigarta?"

"Akwai."

"Ba ni kunnuwanka aro."

"Ka ga ikon Allah," in ji Mai Sauti yana cire abin sauraren. "Kunnuwan da aka wuni ana zagi, yanzu su ake aro."

Ba wanda ya yi dariya sai mai kwalliya, ita ma ta katse.

Baba ya sa a kunne. Nan take numfashin Jaruma ya cika masa kai, kamar a cikin ƙirjinta yake zaune. Aka yi gwaji uku da dunƙulallen tawul maimakon kwalba. Ya gane ta: kafin ta yi jifa takan ja iska ta riƙe, sai ta sake ta da ɗan nishi daidai lokacin da hannu ya tafi. Kafin ta juyo kuma takan haɗiye yawu.

"'Yata," ya ce mata, "ga alamar alli a ƙasa. Ki yi kukanki, ki yi fushinki, amma ƙafar nan kar ta bar wurin."

"In sha Allahu, Baba." Ita ma ɗauka ɗaya gare ta.

Huɗu da minti ashirin da biyar. Aka shimfiɗa bargo a ƙasan durowa, aka fitar da duk wanda ba shi da aiki. Aka miƙa mata kwalbar, mai nauyi, mai kaifin gindi. Wani ya leƙo daga matakala ya ce motar kamfani ta iso tun kafin lokaci, tana jira a ƙasa.

"Ta jira!" in ji Darakta. "Kowa ya yi shiru. Injiniya?"

"Tana gudu." Fankar kyamarar ta ɗauke, kamar ita ma ta riƙe numfashi.

"Bismillah. Fara!"

Baba ya rufe idanunsa gaba ɗaya. Ba su da abin da za su ba shi sai ruɗu. Yatsa a kan tsinke na farko. Numfashinta na shiga, na fita, na shiga. Ta daɗe fiye da yadda ta yi a gwaji. Ya ji wani ɗan sauti a maƙogwaronta, kuka ne na gaske ke tasowa. Yatsansa ya fara zufa a kan faifan. Ta ja iska. Ta riƙe.

Nishi.

Ya murza. Yatsa ya daki tsinke na biyu, ƙarar ta fashe masa a kunne kamar an sari kansa, gilashi na zuba. A ƙarƙashin wannan ƙarar ya ji wani abu da babu shi a gwaji: takalmi ya goga a ƙasa, shuu. Ƙarfin jifan ya ja ta gaba. Ta bar alli. Rabin taki? Ƙasa da haka? Ta haɗiye yawu.

Ya murza zuwa na uku, amma bai kai ga tsinken ba. Ya tsaya kafin shi da kaurin farce, inda hannunsa ya ce masa nan ne, ya daskare a wurin. Yana jin ta tana huci, tana kallon kyamara. Ɗaya. Biyu. Uku.

"Yanke."

Ba wanda ya yi tafi. Jaruma ta dubi ƙafarta, ta dafe baki. "Wayyo, na matsa! Baba, wallahi ban sani ba, na matsa!"

Kowa ya ruga baranda. Baba ya cire abin saurare, ya bi su a hankali yana laluben wayoyi da ƙafa. Ya tsaya a bayansu. Injiniya ta danna, allon ya kawo haske.

Abin da ya gani, wani fari ne ke motsi a cikin toka-toka. Sai wasu ƙyalƙyali suka watsu, suna saukowa a hankali kamar ba sa son isa ƙasa. Sai wani abu mai duhu ya juyo ya cika allon. Shi ke nan. Daƙiƙa ashirin da huɗu, ba wanda ya yi tari.

Allon ya tsaya. Shirun ya ci gaba. Baba ya kasa kunne ko zai tsinci wani abu a cikinsa, ya kasa. Shirun mamaki da shirun kunya duk kamarsu ɗaya a kunne. Zai iya gyaɗa kai ya ce madalla, kamar wanda ya gani. Zai iya juyawa ya tafi haɗa kayansa, ya jira ya ji daga bakin wani. Amma in ya ɓaci, yaron nan zai ce masa ya yi kyau, ya je gida ya kwana da ciwon shi kaɗai.

"Ku gaya min," ya ce. "Ya fita ko bai fita ba? Ni ba na gani. Hazo kawai nake gani."

Kawuna suka juyo. Darakta ya miƙe tsaye.

"Ya fita, Baba."

"Kar ka yi min kara. Yau ka yi min tara, sun isa."

"Ni ba surukarka ba ce," in ji Injiniya, "bari in faɗa maka. Na farko tar. Na biyu ka riga kwalbar isa da ƙiftawar ido, ya zama kamar madubin ya san abin da ke zuwa. Na uku, da ta juyo, a kan ƙwayar idonta ka sauka. Da ka kai tsinken da ko kan hancinta ba ka kama ba. Ban san yadda ka yi ba, kuma ba na jin kai ma ka sani."

Baba ya nemi bango ya jingina.

"Tun yaushe, Baba?" in ji Darakta a hankali.

"Shekara biyu. Kai fa, tun yaushe ka sani?"

Darakta ya sosa ƙeya. "Tun fim ɗin bara."

"Ka yi shiru."

"Ta ina zan fara? Da wane bakin?"

Baba ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. Mutane goma sha ne a barandar nan, kowanne da waya a aljihu. Kafin magariba duk wanda ke ɗaukar mai fokas aiki zai ji. Ya auna abin a ransa, ya tarar bai kai nauyin da ya yi shekara biyu yana ɗauka ba.

"To, an gama," ya ce. "Wannan ce ta ƙarshe, sai in likita ya ce wani abu daban."

"Ran Litinin zan zo in kai ka. Ana cire yanar nan, Baba, kawuna an yi masa."

"Ka zo. Amma kar ka riga ni gida da labari. 'Yata da uwarta daga bakina za su ji, in sha faɗan a zaune."

A ciki Injiniya ta fara kwance kyamara, direban kamfani na ta danna ham a ƙasa. Baba ya nufi matakala. An jibge wayoyi da ƙafafun fitilu a bakinta, ga duhu ya fara taruwa a lungun. Ya tsaya, ya miƙa hannu gefe ba tare da ya waiwaya ba.

"Zo ka riƙe ni, ɗana. Matakalar nan tun safe take neman raina."